Notin Rabin Inci

Sarkin Noti yana cikin goge kantar shagonsa surukinsa ya yi sallama, ya ajiye masa wani guntun ƙarfe naɗe a hankici.

Mai hankici ke nan. Namiji da gemunsa, amma yana tsoron baƙin mai ya taɓa masa yatsa. Tun ranar da 'yarsa Auta ta kawo wannan mutumin gida, da tabarau da siririyar murya kamar mai neman gafara, Sarkin Noti ya auna shi ya ga bai kai ba. Ma'aikacin ɗakin karatu ne. A ce 'yar da ta tashi a wannan shagon, wadda ta san lambar sifana kafin ta iya rubuta sunanta, ta ƙare a hannun mai kaɗe wa littattafai ƙura.

"Baba, noti nake so na taya. Wai an sauya wili, ƙarfen da taya ke hawa, tsofaffin notin ba sa zama daidai. Wannan shi ne boltin da suke hawa."

"Wai," in ji Sarkin Noti. "Wace mota?"

Surukin ya laluba waya ya nuna hoto. Ja ce, mai ƙofa biyu, ta kwanta ƙasa kamar kura za ta yi tsalle. Motar tsere. Sarkin Noti ya dubi hoton, ya dubi mai tabarau, dariya ta taso masa ya haɗiye ta. Sau ɗaya ya taɓa shiga motar da wannan mutumin yake tuƙawa, ya ga masu keke suna wuce su suna waiwaye. Auta tana can wani gari tana aikin injiniya, kullum tana kan hanya, shi kuwa yana nan yana wasa da guminta.

"Ka san girman notin?"

"A'a, Baba."

"Haƙoransa fa, manya ne ko ƙanana?"

"Noti yana da haƙora?"

Sarkin Noti ya ɗauko ma'auni ya matse boltin: milimita goma sha biyu. Ya buɗe ƙaramin ma'aunin haƙori mai kama da mataji, ya riƙa ɗora ganyayensa ɗaya bayan ɗaya. Na milimita ɗaya da rabi ya hau ya bar haske a tsakani. Na ɗaya da kwata ya zauna ɗas. Sha biyu, ɗaya da kwata. Aikin da bai kai a sha ruwa ba, amma wannan da digirinsa ba zai iya shi ba ko za a ba shi shekara.

Kwalin notin da ya dace yana nan a gaban hannunsa. Ya miƙa hannu, sai surukin ya sake magana.

"Baba, don Allah masu kyau. Waɗanda za su jure gudu sosai."

Gudu. Wannan kalmar ce ta ɓata wa Sarkin Noti rai. Hannunsa ya wuce kwalin, ya sauka a na ƙasa, inda yake ajiye na rabin inci.

Duk wanda ya tsufa a sana'ar ya san sharrin wannan notin. Ya ɗara sha biyu faɗi da ƙiris, haƙoransa kuma kusan ɗaya suke da na ɗaya da kwata. Yana hawa sumul, ya ɗauru kamar na gaske, alhali bakin haƙoran kawai ya kama. Mai tafiyar hawainiya irin surukinsa, iyaka taya ta fara rawa a cikin unguwa, ya tsaya a gefen titi yana gyara tabarau, maƙwabta suna kallo. Daga nan sai ya kira Baba, Baba kuma ya zo a hankali, ya faɗa masa a gaban jama'a cewa mota ba littafi ba ce.

Ya murɗa ɗaya a kan boltin don surukin ya gani. Ya shige kamar an shafa masa mai.

"Ikon Allah," in ji surukin. "Da ido kawai!"

"Je ka, bakanike ya ɗaura maka. Kada ka taɓa da hannunka, kar hankicinka ya yi datti."

Mutumin ya yi godiya har da rusunawa, bai ma gane an zage shi ba.

Yinin ranar Sarkin Noti ya yi shi cikin nishaɗi. Ya ba mai shagon batir na kusa da shi labari, suka yi dariya har da tari, sai dai bai ambaci kwalin ƙasa ba. Ya ajiye waya a kan kanta yana jiran kira. Ya ma shirya kalmomin da zai fara da su.

Da yamma, yana shirin jan ƙofa, sai ga surukin ya sauko daga motar haya, tsaf da shi, ba gumi ba tashin hankali, fuskarsa cike da murmushi.

"Ina motar taka? Ko ta gagare ka?"

"Tawa, Baba? Ni ina zan iya wannan aljanar?" Ya yi 'yar dariya. "Ta Auta ce, da kanta ta saya, ta ce a ɓoye maka sai ta dawo ta ɗauke ka ku zaga gari. Da rana ta iso, bakanike ya ɗaura notin, tun ɗazu ta hau babbar hanya da motar za ta koma wurin aiki, kuma ka san ƙafarta a kan mai. Ita ta hana ni sayen notin a ko'ina, ta ce ba ta yarda da hannun kowa a kan tayarta ba sai na babanta."