Wutar da Malam Mijinyawa Ya Roƙa

Sai ga Malam Mijinyawa ya sake faɗuwa. Ba tuntuɓe ba fa, ba jiri ba, iska ce ta ɗan kaɗa a tsakar gidan nan na unguwar Atrone. Haka yake tun da aka san shi. Iska kaɗan, sai ka ga malam a shimfiɗe yana kallon sama har a zo a tsayar da shi. Ga shi bai taɓa wanka ba, ruwan sama ma gudunsa yake, amma kullum ƙamshin sabulu yake yi.

Sana'arsa alkimiya, wato mai da tagulla zinariya. Kuma ba kwaɗayi ba ne. Kakansa ya taso daga Katsina a ƙafa zai je Makka, ya tsaya bakin kogin Shari ya ɗan huta, hutun da har yau jikoki ba su gama ba. Malam ya rantse shi zai ƙarasa tafiyar, guzurinsa kuwa yana cikin tukunya.

Komai ya haɗa. Akwai zaiba, akwai farar wuta, akwai kanwar tafki, har da gashin gemun aljanin ruwa da ya tsiga a wurin kokawa. Wuta ce kawai ta ƙi kamawa.

Duk sanda ya miƙa hannu zai kunna, sai ya ji ƙwaram-ƙwaram daga sama kamar tsakuwa a gwangwani, daga nan aljanu biyu su hau gardama a kansa. Aljanun ma wasu iri ne. Hausa suke yi suna surkawa da Larabci, in rai ya ɓaci su koma Faransancin makaranta.

"Biyu ce, Ilyasu. Ba ta kama ba."

"Kai dai Zulkiflu ka tsani bawan Allahn nan. Jiya da ka ba kura fukafukai wa ya yi magana?"

"Haka kakarmu ta ba da labarin."

"Kakar taku ce kuma ta ce kura na hawa babur?"

Kurar da ake magana Shatu ce, mai sayar da kifi da safe, ta rikiɗe da yamma. Ta daɗe tana bin malam. Yau kuwa aljanu sun yanke hukunci: in wuta ba ta kama ba kafin magariba, Shatu za ta cinye shi har da tukunyar, Makka sai dai wani.

Ya sake gwadawa. Ƙwaram-ƙwaram. "Ɗaya." Bai san ɗayan mene ne ba, amma ya ji Ilyasu ya yi tsaki. Shatu ta matso, har tana iya taɓa shi.

Sai aka kira la'asar. Aljanun suka watse, don duk iya shegensu ba sa wasa da salla. Gari ya yi tsit. Malam na tsaye, Shatu na tsaye, kowa ya kasa motsi. A ransa ya ce, ya Allah wuta, ko yaya take.

Inuwa ta rufe shi. Wani ƙaton hannu mai lalle ya sauko ya ɗaga shi sama. Ya hango randa, ya hango igiyar shanya, ya ce shi ke nan, jirgin Jidda ne ya zo da kansa. Wata murya ta ce, "Gawayin nan ya jiƙe, ga baƙi na jiran shayi."

Sannan ya ji zafi. Wuta ja jawur, irin wadda za ta narkar da tagullar duniya. Malam ya yi hamdala, gemu na ci da wuta.

To kai raba min wannan shari'a: laifin Lubna mai lallen nan ne da ta hura gawayi da guntun kwalin sabulu, ko na yayanta Zulkiflu da ya yanka shi, ya zana masa rawani da gemu da biro, ya bar shi kan tabarma kusa da ƙwayar ludo ya tafi masallaci tare da abokin wasansa Ilyasu?