Baba Na-Saye

Hafizu ya jingina da kujera yana kallon ciniki yana shigowa layi-layi a fuskar kwamfuta. Daga wannan ofis na saman bene a Jega yake ganin duk abin da aka sayar a shagunan kayan noma uku na Alhaji Ummaru: na Jega, na Aliero, da na Maiyama.

Shi ya rubuta manhajar kwamfutar da ke lissafin cinikin, kuma ya gina ta ne a kan abu ɗaya da ya sani game da manomi: ko allura zai saya sai ya nemi ragi. To, a ba shi abin da yake so. Manhajar kan kumbura farashi tun kafin mai saye ya buɗe baki. In ya fara magiya, mai karɓar kuɗi ta danna maɓallin ragi, jan layi ya fito a rasit, mutuminka ya fita yana washe baki, a ganinsa ya ci riba. Harajin VAT kuwa, maimakon a cire ragi sannan a ɗora shi, sai a ɗora shi kan kumburarren farashin, a miƙa wa gwamnati nata na ƙa'ida, rarar ta kwana a shago.

Ko kaɗan abin bai taɓa damun Hafizu ba. Mutanen da ke ninke rasit su cusa a hula ba tare da sun duba ba, a wurinsa, sun cancanci abin da ya same su. Shi ma a ƙauyen Gumbin Kure aka binne cibiyarsa, amma ba ya son a tuna masa.

Riba ta hau, Alhaji ya ji daɗi, har ya ba shi 'yarsa Lubna. An kai gaisuwa, an sa rana. Sai dai Alhaji ba ya ɗaga rana: in lokaci ya yi babu lefe, akwai masu jira a layi. Albashin Hafizu kuwa a shadda da turare yake ƙarewa. Duk dogaronsa na kan bijimai biyu na huɗa da mahaifinsa, Malam Kalilu, ya ware domin auren. Tsohon bai faɗa masa baki da baki ba. Hafizu ɗan fari ne, ko sunansa Malam ba ya kamawa, kowane saƙo ta bakin ƙanwarsa Naja'atu yake zuwa.

Cikin wannan jira ne ya lura da wani mai saye a reshen Maiyama, wanda bai taɓa samun jan layi ba. Ya sayi maganin feshi a cikakken farashi, ya dawo ya sayi tiyo haka nan. Hafizu ya ɗauka manhajar ce ta sami matsala, ya kira Murjanatu mai karɓar kuɗi a can.

"Ba matsala ba ta," in ji ta. "Wani dattijo na. In na hwaɗi mishi kuɗɗi, sai shi ce na saye, shi ƙirgo. Ko sunanai bai yarda in rubuta ba, sai na sa Baba."

Hafizu ya yi dariya har da buga tebur. Ashe akwai wanda ya fi sauran wauta. Nan take ya raɗa masa suna Baba Na-Saye, kuma a ranar ya ƙara wa manhajar wata 'yar dabara: duk katin bankin da aka biya da shi ba tare da neman ragi ba, farashinsa ya hau a zuwa na gaba. Yana son ya ga inda wautar za ta tsaya.

Ba ta tsaya ba. Dattijon ya zama abin nishaɗin ofis, Hafizu har kwaikwayonsa yake yi wa Lubna a wurin zance, ko da yake bai taɓa ganin fuskarsa ba.

Da rani ya kankama Naja'atu ta kira. "Yaya, kayan noma sun yi wuta bana, ga albasarmu…"

"Kowace shekara da kukanku," ya katse ta. "A dai kula min da shanun nan, mako mai zuwa zan zo mu kai su kara mu sayar."

Ana gobe zai tafi, kwamfuta ta nuna ciniki mafi tsoka a watan. Jan injin ban-ruwan nan guda ɗaya tak da ya daɗe yana shan ƙura a Maiyama, an saye shi kusan ninki biyu na kuɗinsa, ga haraji a kan ninkin. Babu jan layi. Hafizu ya ɗauki hoton cinikin ya tura wa Alhaji, ya rubuta a ƙasa: "Allah ya ƙaro mana irinsu."

Washegari da hantsi ya isa gida. Bai tsaya gaisuwa ba, ya zarce bayan gida wurin turke. Igiyoyi biyu ya tarar a ƙasa, da busasshen kashin shanu.

Ya dawo zaure, inda mahaifinsa ke zaune. Sai a lokacin ya ga abin da ya wuce ɗazu bai kula ba: jan injin ban-ruwa sabo dal, da tambarin shagon Alhaji Ummaru a gefensa. Naja'atu ce ta ce da kuɗin shanun aka saye shi, ta kuma tambayi mahaifinsu abin da shi ya kasa tambaya, wai me ya hana shi ko neman ragi.

Malam Kalilu bai dubi ɗansa ba, ya ci gaba da goge injin da bakin rigarsa.

"Shagon surukan yaron ga na, kuma an ce shi ad da aikin lissahin. Ina ni ina biɗar ragi in ba shi kunya? In an hwaɗi, na saye."