Wanda Ake Bi a Kamfanin Ɗan Baba

Bayan girbin wake Salim ya sauka Madarunfa, saura babi ɗaya a memuwar ɗinsa, kundin da zai kare a jami'a a Yamai. Kundin yana kwatanta yadda dokokin ƙasashe ke kallon mutumin da ba shi da kujera a kamfani amma maganarsa ake bi. Farfesansa ya ce littafi ya isa haka: ya kawo misali mai rai, da suna, ko ya jira baɗi.

Misalin yana gida. Kamfanin sufurin marigayi mahaifinsa, Ɗan Baba, mai kai wake da gyaɗa Jibiya, yana hannun ƙanen uban, Baba Alhassan, mutumin da ko hula ba ya zaɓa sai da shawara. Mai haƙuri ne, shi kaɗai a dangi ke jure wa Salim a waya duk Juma'a yana bitar darasi.

Amma kamfanin ya sauya. Direba Garba yana zama taron magada yana kaɗa ƙuri'a, kamar ma'aikatan Jamus. An raba shugabanci gida biyu irin na Ingila, har kamyo, babbar motar kaya, ya kwana a Ɗan Isa ana jiran wanda zai ce a wuce. An hana ɗaukar dangi aiki, sai aka sallami makaniken da ya san tarin kowace mota, don ɗan goggo ne. Rabin motocin suna kan duwatsu.

Wannan ba tunanin Baba Alhassan ba ne. Salim ya zargi wani lauya a Maraɗi, sannan wani alhajin Katsina. Ya tambayi Garba, mai kiransa Mushe, wato malam a bakin 'yan boko.

"Wallahi, Mushe, daga sama maganar take zuwa."

Goggo Kulu kuwa ta rufe baki da gyale tana dariya. "Kai mai karatu, mu kake tambaya?"

Ya rubuta babin ya bar gurbin suna, kuma bai taɓa rubutu mai kaifi haka ba. Ya ce mutumin ya lashi ilimi bai haɗiye ba, bai taɓa ɗora buhu a mota ba, yana tsintar doka daga kowace ƙasa kamar mai haɗa miyar kwaɗayi. Ya nuna cewa a nan da Najeriya duka, in kamfanin ya durƙushe, wuyansa ya kamata a kama. Farfesa ya yaba, ya ce saura suna.

Bayan la'asar ya sami Baba Alhassan a inuwar bedi, itacen dogon yaro, bakin gareji, ya durƙusa.

"Baba, don girman Allah, maganar wa kuke bi?"

Tsohon ya dube shi.

"Ɗana, daina yi mini ba'a. Abin da ka karanta mini ran Juma'a, shi muke zartarwa ran Asabar. Na wannan makon ma muna jira."