Tankar Laftana

Gam ya ɗiga wa Kofur a kan sarƙar tankar. Ya ja tsaki, ya sa tsinke ya goge. Wata uku ke nan yana fama da wannan 'yar tankar yaƙi ta roba, wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba, shi da a da yake haɗa irinta cikin mako guda yana jin rediyo.

Duk Asabar da hantsi tsofaffin sojoji ke taruwa a ɗakin bayan wani gareji, kowa da kwalinsa da burushinsa da tabarau a kan hanci. Shekara arba'in da gama yaƙin, an daɗe da shiryawa tsakanin ɓangarorin biyu, ba mai tono wa wani abin da ya wuce. Hirar dai ta ciwon gwiwa ce da kalar fenti. Sifana, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran tankokin gaske, shi ne uban tsiya a wurin.

"Kofur, wannan aikin naka sai kai," in ji Sifana, yana jujjuya tankar. "Gefen hagu har tsatsa ka sa, har butar shayin da suka rataya. Gefen dama kuwa fes, kamar yau ta fito daga kamfani. Cikinta ma zanen takardar da ta zo a kwali kawai ka bi. Kai da kana soja barci kake yi ne?"

Aka kwashe da dariya. Kofur ma ya yi, ya miƙa hannu ya karɓi tankar.

Tankar ba tasa ba ce, ta 'yar Laftana ce. Yarinyar na cikin ciki aka kashe ubanta, Laftana, a cikin tankarsa a lokacin yaƙin. Tana da shekara goma Kofur ya yi sallama a ƙofarsu, riƙe da wani hoto na Laftana da wuta ta ci gefensa, ya ce a kusa da tankar ya tsince shi. Uwar ta dubi hoton, ta dube shi, ta fashe da kuka tana cewa ashe akwai wanda ya tsira a cikinsu. Kofur ya buɗe baki zai yi magana, sai ga yarinyar ta riƙe masa yatsa. Ya rufe bakinsa.

Yanzu uwar ta rasu, yarinyar ta zama nas, har furfura ta fara leƙo mata. Baba take ce masa. Ita ke auna masa jini, ita ke ɓoye masa gishiri, ita ke yi masa faɗa in ya zauna bai buɗe taga ba yana shaƙar fenti. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, duk duniya ita ce tasa. Kuma a shekara talatin abu ɗaya tak ta taɓa roƙonsa: ya haɗa mata tankar mahaifinta, ya nuna mata inda kowa ya zauna a ranar.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a bakin daga. Ya san in ya gama aikin nan yadda yake, zai iya rasa ta. In kuma ya yi mata ƙarya da hannunsa, da wane ido zai dubi Laftana ranar gobe?

Tun da ya buɗe kwalin abin ya dawo masa. Da rana tsaka, yana zaune, sai ƙaurin ƙonannen roba ya cika ɗakin. Ya duba risho, a kashe. Ya duba soket, lafiya lau. Sai kuma bugun nan, ƙwan, ƙwan, ƙwan, na mutumin da ke dukan ƙarfe daga ciki da sauran ƙarfinsa. Maƙwabta ba sa ji. Shi kaɗai ke ji, kuma ya san sau nawa ne, sha ɗaya, daga nan shiru.

Ranar Laraba da la'asar 'yar Laftana ta shigo ɗakinsa, ko kayan aiki ba ta cire ba. Tankar na kan tebur a ƙarshen ɗakin, ya zuba mata yashi a ƙarƙashi. Ta ja kujera ta zauna, ta haɗa hannuwa a cinya kamar 'yar makaranta.

Kofur ya ɗauki hantsaki, ya riƙa ɗora 'yan sojojin roba ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan direba. Wannan mai harbi. Wannan mai loda harsashi. Wannan da ya fito da kansa ta murfi, shi ne mahaifinki. Dariya yake yi, 'yata. Wallahi har yau ina ganin haƙoransa."

Hawaye ya zubo mata, tana murmushi. Ta sa ɗan yatsa ta taɓa hular ubanta a hankali. Sannan ta leƙa cikin tankar, ta ƙirga kujerun, ta ƙirga mutanen, ta sake ƙirgawa.

"Kujera huɗu, mutum huɗu. To kai fa, Baba? Ina wurinka?"

Ya dafa tebur ya miƙe, ya sa hannu a aljihun rigarsa. Ya juya mata baya ya fara tafiya, yana jan ƙafa, yana ƙirga taku a fili. A na goma ya tsaya daf da ƙofa, ta hagun tankar, ya durƙusa da kyar, gwiwoyinsa na ƙara.

Ya kwantar da soja na biyar ruf da ciki a kan siminti, da kakin ɗaya ɓangaren a jikinsa, da bututun roka a kafaɗa, ya daidaita bakinsa saitin Laftana.