Zanen Ƙafa

Mama ta tuɓe takalminta a tsakiyar kantin farar fata, ta miƙe ƙafa, ta ce, "A gwada mini."

Tun tasowarmu a jihar Alabama ta Amurka, baƙar fata ba ya gwada takalmi a kanti. A gida muke taka takarda, a zagaye ƙafar da fensir, mu kai musu zanen. Abin da aka ba ka, ko ya matse ko ya yi yawa, naka ne. Da muka fito zanga-zanga, aka ce mu 'yan gurguzu ne, aka sakar mana karnuka. Yanzu doka ta canza.

Mai kantin ya durƙusa, fuska a murtuke, ya zura mata baƙin takalmi.

"Ya matse. Kawo ja."

Ya kawo ja, ya kawo mai tsini. Tana taku gaban madubi tana rangwaɗa, matan cocinmu na leƙe ta taga suna shewa.

"Har Rasha ta harba kare sararin samaniya, ni ƙafata ba ta taɓa gwada takalmi a kantin garinmu ba," ta ce mini. "'Yar nan, bar ni in more."

Da kwalaye suka yi tsibi, mutumin ya share gumi. "Wanne za ki saya?"

Mama ta mayar da tsohon takalminta, ta ciro zanen ƙafarta daga jaka, ta ajiye masa.

"Ko ɗaya, ɗan nan, ina da takalmi. Riƙe takardarku. Yau ƙafar ce ta zo da kanta."