Wanda Ya Karya Jan Maɓalli

"Kai ka karya shi!" in ji babban ɗana, yana nuna ƙaninsa da yatsa.

"Yaya, shekara talatin ina rantse maka ban taɓa shi ba!"

Ƙattai da furfura a gemu suke wannan cacar baki a falona, don kawai jikokina sun tono tsohon gem ɗin talabijin daga ƙarƙashin gado. Babansu ya sayo musu shi suna firamare. Wata rana suka dawo suka tarar jan maɓallin tsalle ya nutse. Babban ya lakaɗa wa ƙaramin duka, wai saura ƙiris ya haye kogin wutar da ya gagari duk yaran layinmu.

Ni da ba a ba ni ajiyar magana, wannan kam na riƙe ta gam.

Na ce da jikata, "Ke, jona shi, miƙo min nan."

Na cusa tsinken ashana a ramin maɓallin, yadda na saba da hantsi in sun tafi makaranta, tukunya tana ƙauri a kicin. Ɗan mutumin cikin talabijin ya yi tsalle, ya sake, ya haye kogin tsaf.

Ƙaramin ya dafe kai. "Mama! Kina kallo aka jibge ni?"

"Haba, auta. Ai na ƙara maka nama ranar."

Yayan ya faɗi ƙasa don dariya. Ƙanin ya suri hularsa ya fice, ya bugo ƙofar har hoton babansu ya karkace.