Dada Mai Karanta Iska

Hure tana kan rufin gida, ta ɗaga wani tsumma da hannun hagu tana kallon inda yake karkata. Kwana uku ke nan iskar arewa tana kaɗawa ba hutu, amma yau ta yi laushi, ga wani danshi mai nauyi yana tasowa daga kudu. Ta duba taswirar iska a waya, ta sake duban tsumman.

Aikinta ke nan kowace Asabar da safe. Turki, ɗan masu gidan, ba shi da abin so kamar hawan igiyar ruwa. Ƙaton saurayi ɗan shekara ashirin da shida, da aikinsa da motarsa, amma da hutun mako ya zo sai ya ɗaure allonsa na hawan igiya a saman mota ya nufi gaɓar Shu'aiba. Tekun nan kuwa rowa gare ta, sai ta yi wata biyu ba ta ba da igiyar kirki ba. Wanda ya san ranar da za ta bayar, shi kowa ke nema.

Hure ta sani. A Sawakin ta tashi, can Sudan, 'yar masunci ce, tun tana ƙarama take jin iska a fatarta. Turki ya koya mata karanta taswira, ita kuma ta riƙa gyara wa taswirar kuskure. In ta ce igiya za ta kai ƙirji, to ƙirji za ta kai. Dada yake kiranta, har abokansa sukan bugo su ce, me Dada ta ce?

Ita dai 'yar aiki ce a gidan su Alhaji Badamasi da ke unguwar Kudai kusa da Harami, Hausawan da suka zama 'yan ƙasa tun zamanin kakanni. Makon da aka yi sunan Turki ta shigo gidan daga wani ɗaki a unguwar Nakkasa, ba iƙama, wato takardar zama, ba komai. Matar gidan, Manal, ta yi shekara tara tana jiran haihuwa, ko riƙon jariri ba ta iya ba, sai komai ya koma hannun Hure. Ita ta koya masa 'yar Hausar da yake kwaɓawa. A wurinta kuma, in ji mutanen gidan, ya kwaikwayi zama bahago.

Bara ne abin ya lalace. Wani abokinsa ya karye a kan duwatsun murjani, Hure ta ga hoton, ta kasa cin abinci. Tun daga nan, duk ranar da ta hango igiya babba, sai ta sauko ta ce teku a kwance take kamar ruwan randa. Sau uku tana yi masa haka. A na ukun, abokinsa Hamad ya turo masa bidiyon abin da ya wuce shi.

"Dada, har ke?" Abin da ya ce ke nan, bai ƙara ba. Bai sake tambayarta iska ba, ita kuma ba ta daina hawa rufin ba.

Yau ta sauko da sauri har tana tuntuɓe. Ta same shi a ƙofar gida yana ɗaure allo.

"Ya waladi, kada ka shiga ruwa yau. Kafin azahar iskar aziyab za ta juyo daga kudu ta ci karo da igiyar arewa. Ruwan zai riƙa zurarewa waje ta tsagar murjanin nan, ba mai iya ja da shi."

"Waya ta ce sai gobe, Dada."

"Waya tana shaƙar iska ne? Wallahi yau gaskiya nake faɗa maka."

"Yau?" Ya yi dariya, ya sunkuya ya sumbaci kanta. "Kalas, shi ke nan. Ki ajiye mini tuwona."

Da za ta iya, da ta shige motar nan ta tsaya masa a bakin ruwa. Ina! Mai rashin takarda ba ya wuce shingen bincike. Tekun da take karantawa kullum, rabonta da ganinta ya fi shekarun yaron.

Ta koma rufi ta ɗaure tsumman a ƙarfe, ta zauna a rana. Ƙarfe sha ɗaya da rabi tsumman ya juya. Ba ta taɓa roƙon Allah ya ƙaryata ta ba sai ranar. Ta buga wayarsa sau goma sha ɗaya, tana ta ringi a cikin mota.

Bayan la'asar Hamad ya bugo yana kuka. Allon ne ya fara dawowa gaɓa. Shi Turki sai washegari aka sami gawarsa.

Aka yi masa salla a Harami, aka kai shi, aka buɗe zaman makoki. Mata suka cika falo, kowacce ta rungume Manal, Allah ya ba ki haƙuri, ɗa ɗaya tilo. Hure tana zagayawa da butar gahawa, idanunta a bushe, ta zuba wa wannan ta karɓi kofin waccan. Wata tsohuwa ce kaɗai ta tuna da ita, ta ce, ke ma sannu Dada, kin sha raino.

Da ta iso gaban Manal, sai Manal ta kama wuyan hannunta ta riƙe gam, har gahawar ta zuba a kan darduma.

"Hure, ajiye butar nan," ta faɗa da raɗa, hawaye yana zuba. "Zo ki zauna nan kusa da ni. Ya isa haka."

Hure ta zare hannunta a hankali. Ta gyara riƙon butar, ta duba ko wani ya ji.

"Zauna abinki, Hajiya. Sunanki ne a takardar haihuwarsa, sunanki ne a ta mutuwarsa. Ni haihuwarsa kawai na yi."